Edmée, Littafin Reshe Yana Hannuna

Shekara talatin da shida ke nan ina yi wa ofishin jam'iyyarmu na lardi tambaya ɗaya: a wane shafi na dokar jam'iyya aka hana mutum zaɓe da ƙafarsa? Ba su taɓa amsawa ba. Yanzu kuma wadda ke rubuta mini tambayar ta tafi. Edmée Robichaud, sakatariyar reshenmu na Cap-Lazare, ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, tana da shekara tamanin da ɗaya.

Edmée, ke ce shaidata. A 1987 reshenmu zai tura wakili ɗaya babban taron lardi na jam'iyyarmu ta masu sassaucin ra'ayi, inda kowane reshe ke kai kokensa. Namu koken shi ne matsayar jiragen kamun kaguwa da ta ruɓe. Rabinmu ba mu iya karatu ba, sai muka yi yadda iyayenmu ke yi a zauren coci: mai so na, ni Aurèle, ya tsaya wajen murhu, mai son lauya Valmond Doiron ya tsaya wajen taga. Sau biyu kika ƙirga. Arba'in da ɗaya a murhu, sha tara a taga.

Valmond ya ce, "Sanyi ne ya kai su can, ba Aurèle ba."

Kika ce, "To malam lauya, da ka koyi hura wuta ai da ka ci."

Bayan mako biyu lardi ya aiko cewa ba a jefa ƙuri'ar takarda ba, don haka zaɓe bai yi ba. Valmond suka ba kujerar. Ya je, ya ci abinci, bai ambaci matsayar jirage ba. Kika karance dokar daga bango zuwa bango, ba ki ga wannan sharaɗi ba. Tun daga nan, duk watan Nuwamba sai kin rubuta musu da sunana.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da ke. Da Valmond ya tsaya takara, ke kika sa ni kafa allunansa a bakin hanya. Na ce ba zan yi ba. Kika ce, "Jam'iyyar ba gadon gidansu ba ce, ɗauki gudumarka." Na ɗauka, amma wata uku ban gaishe ki ba.

Ke ce reshen. Ke ke bi gida-gida sabunta katin 'yan jam'iyya. Ranar zaɓe motarki ke kai tsofaffi rumfa, har tsohuwa Léonide da kowa ya san abokan hamayya take zaɓa. Romon kazarki da dankali shi ya hana taro watsewa sau da yawa. A teburin girkinki kika koya mini rubuta sunana ina da shekara arba'in da biyar, sannan sauran haruffan. Wannan da hannuna na rubuta shi, kwana tara ya ci.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Jacinthe 'yar Edmée, da ke da ƙannenki da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Ba ku kaɗai kuka yi rashin uwa ba.

Ku kuma na lardi: kun aiko furanni, washegari kuka bugo waya cewa za a haɗe reshenmu da na birni, za ku zo kwasar takardu. Jacinthe ta riga ta ba ni littafin tarukan reshe. Arba'in da ɗaya da sha tara suna ciki da rubutun Edmée, kuma ban da shi babu inda aka ce an taɓa zaɓena. Yana ƙarƙashin katifata. Mai son sa ya zo da kansa, ya zauna, ya buɗe dokar, ya ɗora yatsa a kan shafin. Yanzu na iya karatu. Nuwamba bai ƙare ba, wannan ce wasiƙar bana. Ku amsa mini.

Aurèle Thibodeau