Gefen da Rana ta Ci

Duk wanda ya san Uwar Ragi ya san tafiyarta: jaka a kafaɗar hagu, gwiwar hannu a matse da haƙarƙari kamar mai ɓoye wasiƙa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaune a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin ido, tana rubuta sunaye, tana ɗiga wa tsofaffi magani kafin su ga likita. Har likitan ya taɓa ce mata ta je a duba mata kafaɗar nan. Ta yi godiya, ba ta je ba. Kafaɗa lafiyarta lau, jakar ce mai ciwo.

Mijinta, direban motar 'yan makaranta, shi ya raɗa mata sunan, kuma sunan bai taɓa ƙetare ƙofar gida ba. A waje ita mace ce mai riƙe jakunkunan da albashinta bai isa ya kalla ba, balle ya saya.

Asirin yana wani kanti a babban titi, inda ake jera jakunkunan manyan kamfanoni a bayan gilashi. Rana tana dukan gilashin daga hantsi har la'asar. Bayan wata uku, duk jakar da ta yi zaman nan sai fuska ɗaya ta koɗe, ban da ɗan murabba'in da katin farashi ya kare, shi yakan tsaya da launinsa kamar tambari. Irin waɗannan ake saukewa a sayar rabin kuɗi. Mai jiran kantin takan turo mata saƙo, kalma biyu: an sauke. A irin wannan ranar, Uwar Ragi ba ta cin abincin rana. Ta je ta zaɓa, ta juya gefen da rana ta ci zuwa jikinta, ta matse.

In aka tambaye ta a gida sai ta ce tattali ne. Mijin yakan ce shi bai taɓa ganin tattalin da ke cika durowa da jaka tara ba, alhali kafaɗa biyu Allah ya ba ta, ɗayar ma ba ta aiki da ita. Gaskiyar da ba ta faɗa ita ce, tana son lokacin nan da wata mata a layin jira za ta kalli jakar, ta ɗago ta kalli fuskarta, ta gyara murya kafin ta yi mata magana. Amma duk waɗannan gwaji ne. Mutum ɗaya take so ta gyara murya, matar yayanta.

Shekara ashirin da suka wuce matar Yaya ta miƙa mata tsohuwar jaka a gaban baƙi, ta ce ta karɓa, ai ta fi wadda take riƙewa. Uwar Ragi ta karɓa da hannu biyu, ta yi murmushi, kuma murmushin nan har yau bai gama yi mata ɗaci ba.

Da saƙon ya zo a wannan karon, jaka ce ruwan hanta, fatarta laushi kamar kuncin jariri. Mai jiran kantin ta ce biyu ne a gilashin, wata ta riga ta ɗaukar ɗaya da safe. Uwar Ragi ba ta kula ba. Hankalinta yana kan Asabar, ranar da 'yan'uwa za su haɗu cin abinci wajen Inna, mahaifiyarsu.

Ta shiga falon Inna da sallama, kafaɗa a gaba. Ga matar Yaya a doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da jaka ruwan hanta a kafaɗa. Iri ɗaya sak. Aka yi ta dariya, Yaya ya ce yau gidan ya yi tagwaye. Matar Yaya ta ce ita fa tata a leda aka ɓare mata, ba a ko taɓa ta ba, sannan ta tambayi Uwar Ragi ko an duba mata ɗinkin nata da kyau, don yanzu jabu ya yi yawa.

Inna ba ta da haƙurin irin wannan. Ta ce ba a cin abinci a gidanta da kaya a kafaɗa kamar masu jiran mota. Ta fizge ta matar Yaya ta rataye a ƙusar bayan ƙofa. Uwar Ragi ta yi wuf ta miƙe ta ce za ta rataye tata da kanta.

A nan ta gani. Jakar matar Yaya tana lilo a ƙusa, ta juyo bayanta ga falo: a koɗe, da ɗan murabba'i a tsakiya.

Ga shekara ashirin a rataye a ƙusa ɗaya. Abin da ya rage kawai ta matsa gefe, ta ce, Anti, wannan tabon fa? Ta waiga. Matar Yaya ta daina tauna, idonta a kan ƙofar, hannunta na hagu har yanzu a matse da haƙarƙari, babu jaka a wurin. Uwar Ragi ta san wannan matsewar. Ta san yadda take sa wuya ya sage da yamma.

Sai ta sa yatsa ta juya jakar, gefen da ya koɗe ya fuskanci ƙofa, ta ɗora tata a kai, ta dawo ta zauna ta ce a miƙo mata ruwa.

Ko tausayi ne, ita ma ba za ta rantse ba. Ta dai lura cewa da ta yi magana, daɗin na minti biyar ne, na riƙe asirin kuwa ba ya ƙarewa.

A kicin, wajen wanke kwanuka, matar Yaya ta tsaya kusa da ita tana goge farantin da ya riga ya bushe.

"Ƙanwata, ke ma mai jiran kantin tana turo miki an sauke?"

"Shekara shida, Anti."

"Munafuka. Ni ta ce min ni kaɗai ce."

Suka yi dariya har Inna ta leƙo ta tambaya ko wani abu ya fashe.

Yanzu in saƙon ya zo, motar matar Yaya takan tsaya a ƙofar asibiti ƙarfe ɗaya, ta yi hon sau biyu. Uwar Ragi takan ƙarasa rubuta sunan da take rubutawa, ta rufe biro, ta gyara mayafi a madubin gwajin tabarau, ba ta sauri. A kanti kuwa Uwar Ragi ce ke fara zaɓa. Ba su taɓa yin maganar dalili ba.