Biyu a Ciki, Ɗaya a Bakin Turmi

Wata takwas gare ta aka kawo min ita nan unguwarmu, Dogo Nini, bayan sadakar bakwai ɗin uwarta. Uwar tata ƙanwata ce, ciki ɗaya, tana aure a wani ƙauye gaba da Damagum. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Mijinta ya miƙo min yarinyar, ya ce, "Yaya, in ta ƙi zama kar ki wahalar da kanki, sai in kai wa tsohuwata." Tsohuwar tasa kuwa tana ruga, yau nan gobe can. In aka kai ta, na san na rabu da ita ke nan.

Ta karɓi madara, ta karɓi koko. Barci ne ta ce atafau. Na goya, na jijjiga, an karɓo rubutu ta sha, duk a banza. Ta rame, sai idanu. Ni kuwa da ma ba haƙuri ya ishe ni ba, wata rana na daka mata tsawa: "Ke! Wai me kike so da ni ne?" Jaririya fa, marainiya. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Ran nan mai injin niƙa bai buɗe ba, wai ba mai. Ina masifa na jawo turmi, tana bayana tana tsala kuka. Ina cikin daka sai na tuna yadda ƙanwata take nata: ta buga biyu a ciki, ɗaya a bakin turmi. Tun muna yara nake mata tsiya, in ce daka kike ko kiɗa? Na gwada. Kafin geron ya surfu na ji yarinya ta yi nauyi, kanta ya kwanta a bayana. Ashe a haka uwarta ke sa ta barci.

Daga nan kullum sai na yi daka, hantsi da la'asar. In ba abin dakawa in zuba dusa, tunda ba a dakan turmi ba komai a ciki. Maƙwabta suka sa min suna injin unguwa, na ce oho dai. Uban ya zo ya tarar ta yi kumatu, ya bar min ita.

Bayan ta fara tafiya, wata rana wanki ya sha min kai na manta da dakan. Na leƙa ɗaki na same ta a tabarma tana barcinta ita kaɗai. Maigidana ya ce, "Alhamdu lillahi, kin huta."

Wace hutawa? Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Mu biyu ne, ni da yarinyar, muka rage da muka san wannan dakan na uwarta.

Da la'asar na zuba dusa, na buga biyu a ciki, ɗaya a baki. Tana wasa da murfin kwano, ko waiwayowa ba ta yi ba.