Ƙwan Kajin Saman Bene a Faisal

Shekarar da na raka Baba Alƙahira neman magani, a unguwar Faisal muka kama haya, a hawa na huɗu. Ciwon daji ne a maƙogwaronsa, likitoci suka ce sai an yi masa gashi. Kowace safiya mu hau ƙaramar bas ta haya, mikrobas, zuwa asibiti, a shigar da shi wani ɗaki mai ƙatuwar ƙofa, ni kuma a bar ni a waje. Larabcina na Islamiyya ne, bai kai ni ko'ina ba, amma kalma ɗaya ta zauna mini saboda yawan jin ta a bakin ma'aikata: ish'a. Ita ce hasken da ake ƙona ciwon da shi.

Mai gidanmu wata dattijuwa ce Bamisiriya, muna kiran ta Hajja. Tana kiwon kaji a saman bene. Lokacin da muka zo 'yan tsakinta na ta mutuwa da zawo, har jikarta ta kwanta ciwon ciki. A hawa na biyu kuma akwai wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun kiwo a wata jami'a a Giza. Shi ke yi mana tafinta idan ya samu sarari. Shi ne ya kawo wa Hajja ragowar buhun abincin kaji daga wurin bincikensu, aka share kejin aka wanke, mutuwar ta lafa.

Wata rana Hajja ta sauko da ƙwai a kwano, ta ce na Baba ne. Tana ta yabon sabon abincin da hannu da baki, ban fahimci komai ba sai da na ji ta ce ish'a. Na karɓa na ce shukran, na tura kwanon can bayan firij. Ban dafa ba, ban kuma iya zubarwa ba.

Da la'asar na tare ɗalibin a matakala na tambaye shi. Ya ce haka ne, ana kai buhunan wata cibiya a haska su, hasken ya kashe ƙwayoyin cuta irin salmonela da ke shiga kaza ta abinci, daga kaza su shiga ƙwai da nama, su kai ga mutum. Na ce to ai shi ne hasken da ake yi wa Baba. Ya ce dangin juna ne.

"To Malam, wuyan Baba ya yi baƙi, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Yaya za a yi in ba shi abin da ya fito daga wannan?"

"Yaya, hasken ba ya zama a cikin abincin. Ratsawa yake yi ya wuce, kamar yadda rana ke dukan shanya."

Na ce shanya ai tana ɗaukar zafi. Ya yi dariya, ya ce misalin nasa ne bai cika ba. Ya sake kawo wani, ya haɗa da Faransanci, na ƙara ɓata. Abin da ya tsaya mini shi ne, idan abu yana kashe mai rai ya wuce, me ya sa ake rufe ni a waje a asibiti, kaza kuma a ba ta ta ci?

Washegari na yi ƙoƙarin tambayar likita da kaina. Ban san me na haɗa ba, sai na ga ya zaro ido yana tambaya ko abincin kaji nake ba mara lafiya. Da ƙyar wata nas ta warware. Likitan ya ce ƙwai tamam, wato babu laifi, a dai dafa shi ya dahu sosai, ya kira na gaba.

Baba ne ya yanke maganar. Ashe ya ji duk abin da muka faɗa a matakala. Da muryarsa da ta dushe ya ce, "Ni da nake kwanciya a ƙarƙashin abin kullum, kaza zan ji wa tsoro? Dafa mini." Na dafa, na murje da man zaitun, ya ci a hankali. Na yini ina kallon sa ban san abin da nake jira ba.

Bayan 'yan makonni zawon ya dawo wa wasu kajin. Hajja ta ce abincin ne ya ƙare ƙarfi. Ɗalibin ya hau ya tarar da buhun a buɗe, tattabaru sun yi kashi a kai, ga sawun ɓeraye. Ya ce haskawa ba ta hana sabuwar cuta shiga, dole a rufe. Hajja ta ce tun kakarta ake kiwo da tattabaru a bene ɗaya. Suka yi ta yi, kowa na juyowa wurina kamar ni ce alƙali, ni da rabin maganar ma ba na ji. Daga ƙarshe ya samo mata durom mai murfi, ta karɓa tana gunaguni.

Da aka gama gashin aka ce mu koma gida mu dawo a duba. Hajja ta yanka mana zakara, ta yi mulukiya, miyar lalo irin tasu. Baba ya sha romon, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya sa na haura sama na roƙo ƙari.