Neman Malam Manu

Malam Dalhatu mutumin Kutawa ne, ɗan manomi, dogo siriri mai ƙarancin dariya. A shekarar 1956 aka turo shi koyarwa a wata babbar firamare ta kwana a Dutsin-Ma, irin wadda dattawa ke ce wa midil. Tun yana saurayi ba a cika gaya masa magana ya ɗauka nan take ba. Sai ya dubi mutum ya ce, "To, ma gani."

Makarantar aji huɗu gare ta, yara sun kusa ɗari da sittin, malamai kuwa uku: hedimasta Malam Tukur, da Malam Sa'idu mai koyar da Arabiyya, sai shi. Amma a allon da ke rataye a ofis suna huɗu aka rubuta da fenti. Na huɗun Malam Manu, wanda ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa.

Saboda haka aji biyu suka faɗo wa Malam Dalhatu. Ya ba waɗannan lissafi, ya ruga ya karanta wa waɗancan shifta. Ba mai kula da ɗakin kwana, ba mai duba marasa lafiya. In zazzaɓi ya kama yaro, shi zai ɗora shi a keke ya kai shi asibiti. Tani mai tuwo ita kaɗai ke tuƙa wa yaran nan duka, har hannunta ya yi kanta.

Ya tambayi hedimasta ya fi a ƙirga. "Ranka ya daɗe, wai yaushe Malam Manu zai iso?"

"Yana tafe," in ji Malam Tukur. "Daga ofishin ilmi aka aiko da sunansa."

Malam Dalhatu bai yarda ba. Ya lura duk sanda ya ɗauko zancen, sai hedimasta ya kama gyara takardun tebur. Da mai duba makarantu ya zo, Malam Dalhatu ya tare shi a bakin ƙofa ya yi masa bayani. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi allo ya ce, "A rubuce ku huɗu ne. Akwai waɗanda suka fi ku buƙata." Daga nan Malam Dalhatu ya saka shi cikin waɗanda yake zargi. A ransa ya gama yanke cewa Malam Manu ɗan wani babba ne, yana can yana harkar gabansa, ana rufa masa asiri.

A daminar 1960 ya tafi kai wata yarinya asibiti, ya bar azuzuwansa ba kowa. Kafin ya dawo wani yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu. Uban yaron ya zo ya wanke shi tas a gaban ɗalibai, ya ce malaman yanzu yawo suka iya. Malam Dalhatu ya juya ya bar wurin. Da la'asar Tani ta same shi zaune bayan madafa.

"Malam, mijin ƙanwata yana kai hatsi kasuwar Kurfi," ta ce. "Ya ce akwai wani Malam Manu a can."

"Shago gare shi?"

"Ban tambaya ba."

Washegari da sassafe ya hau keke, bai gaya wa hedimasta inda za shi ba. Duk hanya yana shirya maganar da zai yaɓa wa mutumin. A Kurfi ya tambaya, aka nuna masa makaranta, ba kasuwa ba. Ya leƙa wani aji ya ga yara sun fi tamanin, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, ga wani gajeren mutum a gabansu murya ta dushe. Ya yi sallama ya faɗi sunansa.

Mutumin ya ajiye alli. "Kai ne Malam Dalhatu? Shekara huɗu muna jiranka. A ina ka ɓoye?"

Ya ja shi ofis ya nuna masa nasu allon. Ga sunan Malam Dalhatu nan na huɗu. Malam Dalhatu ya sa yatsa ya goga, ya ga ko yanzu aka rubuta. Fentin ya daɗe da bushewa, har ya fara ɓarewa. Suka tsaya suna kallon juna, kowa na auna ɗan'uwansa. Ashe kowannensu an lissafa shi a makarantu biyu.

Suka rubuta takarda tare. Malam Dalhatu ya ƙi a ba kowane hedimasta, ya kai ofishin ilmi da hannunsa, ya tsaya har ya ga an buga mata hatimi. Bayan wata biyar amsa ta zo cewa kuskuren akawu ne. Aka goge sunayen. Sabon malami bai zo ba sai 1962, ɗaya a Dutsin-Ma, ɗaya a Kurfi. Aka kuma ɗaukar wa Tani mataimakiya.

Shekara na zagayowa aka mayar da Malam Dalhatu wata ƙaramar makaranta a Kuki. Malam Tukur ya rantse masa ba shi da hannu, ya ce canji ne kamar na kowa. Malam Dalhatu ya yi masa godiya, ya ɗaure kayansa, bai ƙara taka gidansa ba.

A Kuki ya zauna har ya bar aiki a 1969, ya koma gonar mahaifinsa a Kutawa. Malam Manu kan zo masa yawon salla kowace shekara, su sha fura su yi hira har yamma. In baƙon ya tafi, matarsa Rahamatu takan ce, "Malam, mutumin nan yana ƙaunarka."

"Yana ƙaunata," yakan ce. "Amma har yau ban tabbata bai san komai ba tun farko."