Ragar Da Taubashina Ya Kawo Mini Tsaraba

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Shekara arba'in da 'yan kai ina gasa balangu a bakin titin Boɗinga, kusa da inda ƙananan motoci ke tsayawa. Boko kuwa rani biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci, kuma ina zaton malamin ya fi ƙaruwa da ni, don ya tafi ya iya fiɗar akuya, ni na tafi da ƙyar nake haɗa baƙi. Abin da Allah Ya ba ni da yawa shi ne baki. Mahaifiyata takan ce ranar da aka haife ni ungozoma ta manta ba ta gasa mini harshe ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Ya girme ni da damina biyu, yana kiwon shanu a wani ƙauye bayan Kajiji, cikin ƙasar Shagari. Wanda ya san wasan taubasai ya san babu abin da ba ma faɗa wa juna. Yakan ce naman jaki nake sayar wa mutane. Nakan ce shanunsa in iska ta taso sai an ɗaure su da turke don kada su tashi sama. Babbar gardamarmu ita ce waye bawan wani. Shi ya ce ni ne, ni na ce shi ne, tun muna tsirara muke wannan ja-in-ja, babu wanda ya taɓa saki.

Shekaru uku da suka wuce kunnensa na hagu ya fara yi masa ƙugi kamar an zuba ƙudan zuma a ciki. Daga nan sai jiri. Yana tafe a bayan shanu sai ka ga ya karkata kamar an ja shi da igiya. Yana da ɗiya malamar asibiti a Sakkwato, ita ta matsa ta kai shi aka ɗauki hoton cikin kansa. Aka ga ƙari ya fito a kan jijiyar ji, can ciki, girmansa bai wuce gujiya ba. Likitoci suka ce ba irin mai yaɗuwa ba ne, amma yana girma, kuma in ya girma zai danne abin da ke kusa da shi. Ana iya buɗe kai a cire, sai dai ga shekaru, ga wurin da wuyar shiga. Suka ce akwai wata na'ura a Masar da ke kashe irin wannan ƙari da haske, ba yanka, ba jini, amma sai yana ƙarami take karɓarsa. Ɗiyar da mijinta suka shiga suka fita har aka ba shi rana.

Saura 'yan makonni tafiyar aka yi sunan jikansa. Ni aka kira na feɗe ragon, kamar kullum. Da hantsi maza na zaune a gindin bishiyar bedi, ni ina gefe da wutata, na ɗora kan ragon a raga ina babbakewa. Wani dattijo ya tambaye shi yadda za a yi aikin. Shi kuma ya faɗa da kalmomin da ɗiyarsa ta faɗa masa, waɗanda su ma'aikatan asibiti ke amfani da su. Ya ce gashi za a yi masa. Ya ce za a sa masa wata raga a fuska don kada kai ya motsa.

Gashi da raga, a kunnen mahauci. Wallahi ban ma yi tunani ba, bakin ne ya tafi da kansa. Na kama kan ragon nan ta ƙaho, ya yi baƙi ƙirin, leɓe ya tattare haƙora a waje, na ɗaga shi sama.

Na ce, "Jama'a, ku gaisa da bawana. Ga shi nan ya dawo daga Masar."

Wuri ya kece da dariya. Da na ga ta karɓu sai na ƙara gishiri. Na ce shekara arba'in ina gasa dabbobinsa a raga, yau Allah Ya tashi saka musu. Na ce in zai tafi ya biyo ta Boɗinga in ƙulla masa yaji, don na ji Larabawa ba su iya haɗa shi ba. Sannan na ƙirƙiro wani mutum, wai daga wajen Sifawa, wanda aka yi wa irin wannan gashi ya dawo gemu a ƙone, har karnuka na binsa. Babu wannan mutum a duniya. A tsaye na haife shi, a gaban wuta.

Taubashina ya yi dariya tare da kowa. Har ya jefe ni da takalmi. Abu ɗaya ne ban kula ba sai daga baya: da aka kawo naman kan, bai sa hannu ba.

Wata huɗu suka wuce. Na ji an ce ya fasa tafiya, na ɗauka harkar takardu ce. Ni kuwa duk wanda ya tsaya sayen nama sai na ba shi labarin kan rago, ina kwaikwayon haƙoran. Direbobi har roƙona suke in sake. Wannan wata huɗun shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, don ban yi abin sau ɗaya ba, na yi ta cin ribarsa.

Wata rana bayan la'asar sai ga ɗiyar ta sauko daga Keke Napep da kayan aikinta a jiki. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yanko mata tsoka mai kyau, ta ce ta gode, ba ta karɓa ba. Sannan ta faɗa mini cewa tun ranar suna mahaifinta ya ce ba ya zuwa. Ta kawo likita ya yi masa bayani, ta kawo limamin garinsu, duk ya ce su ba su san wuta ba.

Ta ce, "Baffa, cewa ya yi duk zuri'armu kai kaɗai ka san abin da wuta ka yi ma nama. Kuma ya ce ba shi zuwa gaban Ubangijinai da ƙonannar huska."

Na ce mata ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. Ta ce ta sani. Ta ce ƙarin ne bai sani ba, yana nan yana girma.

Na rasa inda zan sa idona, sai na kama juya naman da bai buƙaci juyi ba. Ita kuwa ta ciro waya ta nuna mini hoton na'urar mai motsi. Wani farin hannu ne na ƙarfe, mai gaɓoɓi kamar wuyan raƙumi. Mutum na kwance da rigarsa, hannun yana zagaya kansa a hankali, ya tsaya nan, ya sunkuya can, bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Na ce ina wutar? Ta ce babu wuta, haske ne da ido ba ya gani, ko ɗumi mutum ba ya ji. Ragar kuma ta roba ce, a ruwan ɗumi ake tausasa ta a kwantar a fuska ta ɗauki siffarta. Ta ce na'urar tana ta ɗaukar hoton kan tana dubawa, ko ya gusa kamar faɗin gashin gira sai ta gyara saitinta.

Na yi mata tambayar mahauci. Na ce ban taɓa ganin ciki ya nuna waje yana ɗanye ba. In hasken yana da ƙarfin kashe abu a tsakiyar kai, yaya zai ratsa fata da ƙashi bai cinye su ba? Ta ce ai ba ta hanya ɗaya yake shiga ba. Kaɗan-kaɗan ake aiko shi ta kusurwoyi masu yawa, kowane ɗaya ba shi da ƙarfin yin ɓarna sosai a hanyarsa, amma dukansu a kan ƙarin suke haɗuwa. Na sa ta maimaita sau uku.

Washegari ban hura wuta ba. Na shiga mota zuwa Shagari, na sake wata zuwa Kajiji, na hau kabu-kabu. Hanya duk ina ta juya yadda zan faɗi maganar, don ni ban taɓa yi wa mutumin nan magana ta hankali ba tunda muke.

Na same shi a zaure, ya rame, sanda a gefensa, shanu an ba wani ya kai kiwo. Yana ganina ya ce an kawo yajin? Na ce ban zo wasa ba. Na faɗa masa ƙarya na yi, babu wani mutumin Sifawa, babu wuta, babu ƙuna. Ya saurara yana murmushi har na gama.

Ya ce, "Ɗiyata ta aiko ka. Ran suna ka hwaɗi gaskiya ba ka shirya ba. Yau ne kake wasan."

Kun ji inda baki ya kai ni. Na rantse, ya ce mahauci da rantsuwa ai kamar kare da haushi ne. Na kawo zancen haske mai shiga ta ko'ina, na cuɗe shi, har ni kaina na daina ganewa. Sai idona ya faɗa kan rijiyar da ke bayan garin, wadda ake hangowa daga ƙofar zauren. Na ce masa ya dubi inda yake shayar da shanunsa. Garke na zuwa daga gabas, wani daga yamma, wani daga kudu, kowa da 'yar hanyarsa, kuma ciyawa na nan a kan hanyoyin ba ta mutu ba. To bakin rijiyar fa?

Ya ce bakin rijiya ko tsinke ba ya fita.

Na ce to ƙarin nan shi ne bakin rijiya.

Ya tsura wa rijiyar ido. Na ga maganar ta shiga, amma ba ta zauna ba. Ya ce misalin ya yi kyau, sai dai daga bakina ya fito, kuma shekara sittin bai taɓa jin na faɗi abin da ya jawo mini asara ba. Yaya zai gane yau daban ce?

Abu ɗaya ya rage mini. Na tuɓe hula na ajiye a ƙasa, na sauka daga tabarma na durƙusa a gabansa, da furfurata da komai. Na ce na saki gardamar. Ni ne bawa, shi ne ubangida, daga yau har a binne ni.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juyo da kansa a hankali.

Ya ce, "Ta kunnen hagu ka hwaɗa, ban jiya ba. Zagayo nan."

Na zagaya da gwiwa na sake faɗa. Ya ce a kira matarsa da maƙwabci su zo su shaida. Na faɗa karo na uku, matar tana rufe baki da gyale. Da suka fita ya share ido da hannun riga, ya ce in kira masa ɗiyarsa a waya.

Da aka sake hoton, ƙarin ya ƙaru, ya kusa kai inda na'urar ba za ta karɓe shi ba. Kwana tara muna jiran amsar likitocin can. Ban taɓa sanin nama na iya fita daga ran mahauci ba sai a kwanakin nan. Suka ce a kawo shi.

A Masar sau uku aka kwantar da shi a gaban na'urar, kowane bai kai awa ba, kuma da ƙafarsa yake fita. Ya ce hannun ƙarfen ya yi ta zagaya shi yana leƙe kamar dillalin da ke taya bijimi, har barci ya ɗauke shi a rana ta biyu. Ya dawo da gemunsa cif. An ce ƙarin ba ɓacewa yake yi nan take ba, tsayawa yake yi sannan ya motse a hankali, don haka har yanzu ana kai shi Sakkwato ɗaukar hoto. Jirin ya yi sauƙi, ya koma bayan shanunsa. Amma kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya.

Na taɓa tare ɗiyar na tambaye ta, da ya tafi a ranar farko da aka ba shi, da an ceci kunnen? Ta ce Allah ne masani, Baffa. Ta faɗa tana gyaran igiyar jakarta. Ban sake tambaya ba.

Ranar kasuwa ta farko bayan dawowarsa ya zo Boɗinga da abu a leda. Ya ce ubangida ba ya dawowa daga tafiya bai riƙo wa bawansa tsaraba ba. Na buɗe, sai ga ragar. Fara ce, mara nauyi, ga hancinsa, ga goshinsa, ga haɓarsa. Ya roƙi likitocin suka ba shi. Ya ce in rataye ta inda nake gashi, kuma ba a musu da ubangida, na rataye. Direbobi kan tambaye ni ta mece ce, nakan faɗa musu tun daga kan rago, ba na tsallake komai. Ba su cika dariya ba.

In ya zo yanzu, a benci yake zama ta damana, ya ba ni kunnen hagu. Na taɓa cewa ya dawo wannan gefen mu yi hira. Ya ce a'a, wannan kunnen ai nawa ne, ni na saye shi, in ci gaba da zuba a ciki.