Yadda Ka Gani

A gidanmu babba ba ya ce wa yaro a'a. Idan ya ce "yadda ka gani", to magana ta mutu, sai ka kwance kayanka. Haka mahaifina ya ce min lokacin da na so tafiya Kano koyon ɗinki, kuma ban je ko'ina ba. Ban ma ji an tauye ni ba, a ganina ni na zaɓi zama.

Ɗana na fari ya gama karatu a birni, ya dawo muka yi damina tare. Wallahi na ji daɗin daminar nan. Gwiwata ta riga ta fara ciwo, shi ke riƙe garma, shi ke kai taki gonarmu ta wajen Watari. Bayan an ɗaure gero, wata rana da la'asar ya zo ya durƙusa, ya ce ya sami aiki a Kudu, yana neman izini.

Ɗan fari ne. Ko sunansa ba na kira, balle in dubi idonsa in ce ina bukatarsa. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata, na ce, "To, yadda ka gani."

Sai fuskarsa ta washe. "Na gode, Baba. Abokaina iyayensu ba sa ba su 'yanci haka."

'Yanci! Ikon Allah. Ni na turo ƙofa a hankali don kada ta buge shi, shi kuwa ya ga a buɗe take.

Uwarsa ta same ni a zaure. "Malam, yaran yanzu ba sa jin zaurance. Ka buɗe baki ka faɗa masa."

"Ke ki faɗa masa mana."

"Ni? Ɗan farin nawa?" Ta ja mayafi ta shige ciki.

Na gaji, gaskiya. Na gaji da maganar da sai an tono ta kamar rogo, amma bakina bai iya wata ba. Ni da kaina na goya shi a babur zuwa tashar Makoda, na sa masa albarka, mota ta tashi.

Bana na ba wani maƙwabci aron gonar, tunda ba zan iya ba. Yaron yakan kira ranar Juma'a ya tambayi gona, in ce masa an gode Allah, shuka ta yi kyau. Ba ƙarya nake yi ba. Ta yi kyau ƙwarai, na hango ta daga bakin hanya.