Mai-Tsani, Wanda Ya Dawo Mana da Fuskar Auta

Tun ba ka gan shi ba za ka ji shi. Tsanin ƙarfen da yake ɗaurewa a gefen tsohon babur ɗinsa ne ke ƙwaram-ƙwaram a duk ramin da ke layinmu. Yakan tsaya wurin mai shayi ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar manomi mai jiran hadari, sannan ya kama hanya. Jakarsa ba wani abin a-zo-a-gani a ciki: sifana biyu, filaya, ƙusa guda, kwalbar baƙin mai da yankakkiyar robar tayar keke. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana hawa katangun mutane da rufinsu yana gyaran farantin satalayit, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Mai-Tsani. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, ya ce ƙarshen watan nan zai jingine tsanin. Na ce ina raye ba zai sauka shiru ba.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina malamin makaranta ne ya riƙe biro, ni na riƙe magana. Amma shekara arba'in na yi ina jan babbar mota, sau uku tana kifewa da ni, sau uku ina fitowa ina kakkaɓe riga. Injin da na kwance da hannuna a tsakiyar daji ya fi gashin da ya rage a kaina yawa. Mutum irina ba ya yabon mai gyara da arha. In na ce wane gwani ne, to a rubuta.

Ku tambayi mai askin bakin titi. Ranar da iska ta juya masa faranti, shago cike da masu jiran ƙwallo, Mai-Tsani ne ya hau rufin kwano da tsakar rana, ya sauko tafin hannunsa duk ya tashi, hoto kuwa tar. Ku tambayi tela mai takaba, wadda aka ce wa na'urar satalayit ɗinta ta mutu, ya buɗe ya hure ƙura ya miƙa mata, ya ce, "Ba ta mutu ba, yaya, numfashi take nema." Kowa da nasa labarin. Ga nawa.

Autarmu tana karanta labarai a wata tashar talabijin mai nisa, kullum ƙarfe huɗu na yamma. Uwarta kuwa ƙafa ta hana ta fita shekara uku ke nan, daga gado sai kujerar falo. Ba labaran take saurara ba, ko duniya za ta tashi ba ruwanta. Fuskar 'yarta take karantawa. Ta ce yau ta rame, gobe ta ce ba ta yi barci ba, jibi ta ce wannan ɗankwalin bai karɓe ta ba. A waya Auta kullum "lafiya lau" ce, hoton waya kuma ya yi wa idon tsohuwa ƙanƙanta. Don haka tsohon farantinmu, babba mai tsatsa da ke kan sandar ƙarfe a kusurwar tsakar gida, shi ne hanyar da uwa ke ziyartar 'yarta.

Sai ya fara wasa da mu. Yau ya kawo, gobe hoto ya farfashe kamar an taka madubi. Daga baya ya ɗauke ɗungurungum. Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Na taka turmi, na ɗan bubbuga farantin da guduma, na karkata shi dama, na karkata shi hagu. Ban ce na ɓata ba, amma dai bai gyaru ba. Masu gyara biyu suka zo da na'urar awo mai kukan tsuntsu, suka duba, suka ce a kai wa masu gwangwan da ke sayen tsohon ƙarfe, a sa sabo ƙarami. Sabon kuma ba ya kamo tashar Auta, sai muka ƙi. Mako uku tsohuwa na zaune gaban baƙin gilashi ƙarfe huɗu. Kwanon abincinta yadda aka kai haka yake dawowa. Ni da na ga mutuwa ido da ido sau uku, wannan zaman nata ya fi ba ni tsoro.

Da Mai-Tsani ya zo, ko kallon farantin bai yi ba. Ya jingine tsaninsa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta. Haka yake aikinsa: sai ya tambayi matan gida kafin ya taɓa ƙarfe. Ya ce su ne ke wuni da abin.

"Inna, yaushe ya fara?"

Na ce, "Bari in yi maka bayani, ai ni na san inji."

"Baba Direba, naka bayanin zan ji, amma wannan motar Inna ce fasinjarta."

Tsohuwa ta ce, "Ranar wanki yake ɗaukewa. Na faɗa masa, ya ce tsufa ne ke damuna."

"Har yanzu ina kan bakana," na ce. "Me ya haɗa sabulu da tauraron da ke sama?"

Mai-Tsani ya juya ga matar ɗana, wadda ke yi mana wanki. "A ina kike shanya, ƙanwata?"

Ta nuna da baki, tana ɓoye dariya a gefen mayafi. Muka fita. Igiya ce sabuwa, mai kauri, daga tagar kicin zuwa wuyan farantin, daidai inda yake haɗe da sandarsa. Ya taɓa ƙullin, ya jinjina kai.

"Wannan ɗaurin ba na mace ba ne. Wanda ya saba ɗaure kaya a bayan mota ne ya yi shi."

"Shekara arba'in ƙullina bai taɓa kwancewa ba," na ce.

"Ai shi ne matsalar, Baba. Da ya kwance, da faranti ya huta."

Ya yi mana bayani a tsaye. Duk ranar da aka loda wa igiyar jiƙaƙƙun barguna, sai ta ja wuyan farantin ya sunkuya. Kaya su bushe, ya ɗan miƙe. A hankali notin ya saki, ya sunkuya gaba ɗaya. Ya ce kaurin ɗan yatsa kaɗai ya isa ya raba faranti da tauraronsa. Bai ambaci bubbugawar da na yi ba, duk da ya ga shaidar guduma. Wannan ma na rubuta masa a cikin alheransa.

Sannan ya kafa tsani ya hau, gwiwa tana ƙara, shi yana yi mata tsawa. Ya zuba baƙin mai a wuyan ƙarfen, ya goge da tsumma, ya goge, har wani siririn zane ya fito daga ƙarƙashin tsatsa.

"Ga hannuna," ya ce. "Ni na kafa shi, shekara ashirin da biyu. Duk farantin da na saita sai na ja masa layi da ƙusa."

Ya kwance igiyata, da ƙyar kuwa, ya ɗaga farantin har zane ya hau kan zane. Ya yanke taƙi guda na wayar da ruwa ya cinye, ya sa sabon kai, ya naɗe da robar keke. Ya ce matar ɗana ta tsaya a taga ta riƙa faɗa masa.

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"Yanzu fa?"

"Ya leƙo ya koma."

Ya sa tafin hannu ya ɗan tura, kamar mai lallashin jariri. Saura minti biyar huɗu ta cika, sai muka ji kiɗan tashar daga falo. Ya ɗaure noti, ya sauko, ya tsaya daga bakin ƙofa yana goge hannu.

Auta ta bayyana, ta yi sallama ga masu kallo. Uwarta ta amsa mata, kamar kullum. Ta matso da kujera, ta ƙura ido, ta daɗe. Sai ta ce, "Kumatun nan ba na abinci ba ne. Dubi hancinta. Malam, yarinyar nan juna biyu gare ta."

Na ce tsufa ne. Da aka gama labarai ta sa aka kira Auta a waya. Shekara shida da aure shiru, ga ciki wata huɗu, wai kunya ce ta hana ta faɗa. A ranar tsohuwa ta cinye kwanonta har ta nemi ƙari.

Kai ne, Mai-Tsani, ka zauna a ƙasa ka saurari tsohuwar da mijinta ma bai saurara ba. Kai ne ba ka yanke wa tsohon abu hukunci don ya yi tsatsa. Ka bar zanenka a rufin gidaje ɗari, inda babu mai gani sai tsuntsu. Na gode, uwar 'ya'yana ta gode, wanda ke tafe ma zai zo ya gode da bakinsa. Allah ya huta da gwiwarka, ya sa yadda ka rufa wa gudumata asiri a rufa maka naka.

Ku kuma masu tasowa a sana'ar, ku riƙe na'urarku mai kukan tsuntsu, ban hana ku ba. Amma kafin ku ce a zubar, ku cire takalmi ku tambayi matan gida, kuma ku bar alamar da za ku gane aikinku bayan shekara ashirin.

Igiyar shanya kuwa na kafa mata sandarta daban, nesa da faranti. Ni na haƙa, ni na ɗaure. Mai-Tsani da kansa ya girgiza ta, ya ce ko giwa aka shanya ba za ta motsa ba.